Yini Guda A Ofishin Hulɗa Da Jama'a: Abin Da Ɗalibi Zai Yi Da Wanda Ba Zai Yi Ba

Yini ɗaya tak aka ba ka. Wannan ba irin zaman koyon aiki na SIWES ba ne, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973, inda ɗalibi ke kwashe watanni yana cika littafi ana sa masa hannu. A nan babu maki, babu mai zuwa duba ka daga makaranta. Wani jami'in hulɗa da jama'a ne ya amince ka zauna kusa da shi daga safe zuwa yamma ka ga yadda yake aiki, kuma da sunansa ya tsaya maka a gaban shugabanninsa. Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba fannin aikin jarida gida bakwai a 2020, hulɗa da jama'a ta zama digiri mai zaman kansa, masu neman irin wannan dama kuwa sun fi kujerun da ke ofisoshin yawa. Idan ka ɓata, ba kanka kaɗai ka yi wa ba, ka rufe ƙofa ga wanda zai zo bayanka. Da kai nake, da ke nake.

Kafin ranar

Ka san gidan da za ka shiga. Ka nemo sanarwowin da suka fitar a 'yan watannin nan ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ka san sunan shugaban wurin da muƙaminsa daidai, ka san wanda ke magana da yawunsu. Sannan ka bar abin da suke faɗa a kan kansu, ka koma ga abin da mutane ke faɗa a kansu: shirye-shiryen rediyo na kiran waya, ƙorafin da ake rubutawa a shafinsu na Facebook, hirar masu shayi. In kamfanin rarraba wutar lantarki ne, ka san kukan da ake yi kan mita da kuɗin wuta na ƙiyasi. In asibiti ne, ka san maganar layi da ta gado. In jami'a ce, kuɗin rajista da sakamakon jarrabawa. Wannan kukan shi ne abin da jami'in da za ka bi yake kwana da shi yake tashi da shi.

Kada ka buɗe baki ka ce, "Yallaɓai, to me kuke yi a nan?" Wanda ya yi wannan tambaya ya sanar da kowa cewa bai yi shirin komai ba.

Ka rarrabe hulɗa da jama'a da talla da aikin jarida tun kana gida. Mai talla yana sayen fili ne a jarida ko rediyo ya faɗi abin da yake so, kuma hukumar ARCON ce ke sa masa ido. Ɗan jarida yana yi wa mai karatu da mai sauraro aiki. Jami'in hulɗa da jama'a kuwa, kamar yadda taron ƙungiyoyin wannan sana'a na duniya ya bayyana a birnin Meziko a 1978, aikinsa ya nazarci inda al'amura suka dosa, ya hango abin da za su haifar, ya ba shugabanni shawara, sannan ya aiwatar da tsarin da zai amfani ma'aikatar da jama'a baki ɗaya. Ka lura da ba shugabanni shawara. Nan ne nauyin aikin yake, kuma shi ne abin da ba a gani a talabijin. Ka kuma san cewa a Najeriya sana'a ce mai doka: Sam Epelle da abokansa suka kafa ƙungiyarta a 1963, Doka ta 16 ta 1990 ta ba cibiyar NIPR ikon yi wa masu ita rajista.

Ka tura gajeren saƙo ana gobe ka tabbatar da lokaci da ƙofar da za ka shiga. Ka isa da rabin awa kafin lokacin. Cunkoson hanya ba uzuri ba ne, domin shi ma jami'in ta hanyar ya biyo. Akwai kuma dalilin da ya fi ladabi ƙarfi: da sassafe ake duba jaridu, a saurari labaran rediyo, a leƙa intanet, a tattara duk inda aka ambaci ma'aikatar a kai wa shugaba. Daga wannan takarda ake sanin ko yinin na lafiya ne ko na gobara. Wanda ya iso ƙarfe goma ya rasa wannan, kuma ba za a maimaita masa ba.

Tufafi masu tsabta, marasa hayaniya, waɗanda za a iya shiga da kai ofishin shugaba ba tare da an ji kunya ba. Littafin rubutu da biro biyu. Shi ke nan.

Wayarka

A nan zan tsaya in daɗe, domin a nan ɗalibai suka fi faɗuwa.

Ka kashe mata ƙara ka sa ta a aljihu. Kada ka ɗauki hoton komai: ba tebur ba, ba allo ba, ba takarda ba, ba kanka a kujerar oga ba. Kada ka naɗi muryar kowa sai ya ba ka izini da bakinsa. Kada ka sa a WhatsApp cewa yau kana wuri kaza ana shirin abu kaza. Takardar da ka gani a kan tebur wataƙila sanarwa ce da ba a amince da ita ba tukuna, ko wadda aka ƙayyade wa ranar fita. Wataƙila jerin sunayen waɗanda za a sallama daga aiki ne, kuma su kansu ba su sani ba. Wataƙila sunan wanda ya rasu a haɗari ne, kuma ba a kai ga sanar da mahaifiyarsa ba. Ka yi tunanin uwar nan ta ga labarin a wayar maƙwabciya saboda kai kana son abokanka su san ka shiga babban ofis.

Abin bai tsaya ga kunya ba. A ma'aikatar gwamnati akwai Dokar Sirrin Hukuma ta 1962. Akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta shafi sunaye da lambobin waya da bayanan lafiyar mutane. In kamfani ne da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar hannun jari, fitar da alƙaluman ribarsa kafin lokaci babban laifi ne. Kasancewarka ɗalibi ba zai zama maka garkuwa ba, kuma wanda ya shigo da kai shi zai fara amsa tambaya.

Abin da ka ji a ɗakin taro ya tsaya a ɗakin taro. Ko malaminka ya nemi rahoto, ka rubuta yadda ake aikin, ka bar sirrin gidan. In kana shakkar wani abu, ka tambayi mai masaukinka kafin ka tafi: "Malam, wannan zan iya sa shi a rahotona?"

Abin da za ka zuba wa ido

Ka bi sanarwa guda ɗaya tun daga haihuwarta har fitarta. Wa ya ce a rubuta? Wa ya rubuta? Hannu nawa ta bi? An kai wa lauya? Wa ya sa hannu na ƙarshe, kuma awa nawa ta yi tana jiran sa? In an yarda, ka roƙi a nuna maka rubutun farko da na ƙarshe ka jera su. Abin da aka goge ya fi abin da aka bari koyarwa. Za ka ga inda aka cire kalmar da ke nuna amsa laifi, inda aka ƙara jaje, inda aka sauya adadi saboda an sake tantancewa. Ka tambayi dalilin gyara guda biyu ko uku. Babu littafin da zai ba ka wannan.

Ka kasa kunne idan ɗan jarida ya bugo waya. Ka ji yadda jami'in ke gaisawa, yadda yake tambayar lokacin da labarin zai fita, yadda yake cewa zai bincika ya kira, sannan ka lura ko ya kira ɗin. Jami'in da 'yan jarida suka san yana cika wannan ƙaramin alkawari, ranar da ya shiga matsala za su jira shi minti talatin kafin su buga. Wanda suka san yana kashe waya ba za su jira shi ba.

Kada kai ka ɗaga wayar ofis. Kada ka amsa tambayar ɗan jarida, ko a bakin ƙofa, ko da wasa, ko da ɗan ajinku ne da ke koyon aiki a gidan rediyo. Yau ba ka da baki. Kalma ɗaya daga gare ka ta isa a ji gobe ana cewa "wata majiya a ofishin ta shaida mana." Amsarka ita ce, "Ni baƙo ne, ga jami'in can."

Ka lura da harshe, domin a nan kake da abin da wasu ba su da shi. Yawancin sanarwowi da Turanci ake rubuta su, mutanen da abin ya shafa kuwa a Kano ko Katsina ko Gusau da Hausa za su ji, a rediyo, bayan wani edita ya fassara cikin gaggawa. Ka tambaya: ofishin da kansa yake fitar da ta Hausa, ko barin ta ake yi ga duk wanda ta faɗa hannunsa? Wa ke sauraro ya ji yadda aka karanta ta? Sau da yawa abin da shugaba ya sa wa hannu daban, abin da ya isa kunnen mai sauraro daban. In aka ce ka gwada fassara, ka gwada da natsuwa, ka miƙa a duba. In ba a ce ba, kada ka kama gyara wa mutane Hausarsu.

Ka tambayi hanyoyin da ba na jarida ba. Duk ɗalibin hulɗa da jama'a a Arewa ya kamata ya san abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin cewa maganin na ɗauke da abin da ke hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a 2004. Sanarwa daga Abuja da bayanin masana ba su wadatar ba. Sai da aka koma ga sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai, da mata masu shiga gida gida, aka yi shekaru ana wannan aiki kafin a ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali a watan Agusta na 2020. Saboda haka ka tambayi jami'in: idan kuna da saƙo ga unguwar da ke kewaye da ku, wa kuke fara gani? Yaushe rabonku da zuwa wurinsa ba tare da wata buƙata ba? Amsar za ta nuna maka ko ofishin na hulɗa da jama'a ne ko na tura takardu.

In rikici ya ɓarke kana nan, ka yi sa'a ta fuskar karatu, amma kada fuskarka ta nuna haka. Ka koma gefe, ka yi shiru, ka rubuta lokaci: ƙarfe nawa labari ya iso, ƙarfe nawa aka sanar da shugaba, ƙarfe nawa maganar farko ta fita. An koya muku labarin Tylenol na 1982, inda mutum 7 suka mutu a yankin Chicago ta Amurka bayan an sa guba a maganin, kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa. A aji labarin yana zuwa a tsare. A ofis za ka ga ruɗani, da bayanai masu karo da juna, da manya suna gardama a kan jimla ɗaya. In aka ce ka ɗan fita, ka fita ba tare da ɓata rai ba, kuma kada ka tsaya a bayan ƙofa.

Tambaya

Ka rubuta tambayoyinka, ka jira lokacinsu. Kada ka katse mutum yana rubutu ko yana waya, kada ka yi magana a taro sai an ce ka yi. Cikin mota, bayan an fito daga sallar Azahar, lokacin cin abinci, nan ne baki ke buɗewa.

Ka tambayi jami'in abin da sai shi zai iya amsawa. Yaya yake yi ya faɗa wa shugaba abin da shugaba ba ya son ji? Wace rana ce ta fi masa wuya a aikin nan? Ta yaya suke gane cewa saƙo ya isa, ban da ƙirga jaridun da suka buga? In wani ya nemi bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, teburin wa takardar ke sauka? Me ya ga sababbin ma'aikata sun fi kasawa a kai? Ina kyautata zaton zai ce rubutu.

Kada ka tambayi albashinsa. Kada ka nemi aiki. Kada ka zaro takardunka sai an ce ka kawo. Kada ka roƙi kuɗin mota, ko da zolaya. Ka tanadi na zuwa da na komawa tun daga gida. Kada ka ce, "Ai ba haka aka koya mana ba." In ka ga saɓani tsakanin littafi da aiki, ka ce, "Hajiya, a aji an nuna mana kaza, me ya sa a nan aka bi ta wannan hanya?"

Maganar ambulan

Mai yiwuwa bayan taron manema labarai ka ga ana raba ambulan da sunan kuɗin mota. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana nan. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana ɗan jarida karɓar abin hannu domin ya buga labari ko ya danne shi, kuma mai bayarwa bai fi mai karɓa tsarki ba. In aka miƙo maka, ka ce na gode, ni ɗalibi ne, ka janye hannunka. Kada ka tsaya wa'azi a gidan da kake baƙo, ba a kira ka don haka ba. Amma kada ka koma makaranta kana gaya wa 'yan ajinku cewa ai wannan shi ne aikin. Labarin da aka saya ba ya kare kowa ranar da gaskiya ta fito, kuma ofishin da ya saba da saye yakan manta yadda ake lallashi da hujja.

Haka nan ka bambance kakaki da sojan baka. Mun san masu shiga rediyo da dare suna wanke ubangida suna zagin abokin hamayya, kuma wasu matasa sun ɗauka wannan ce sana'ar. Kakaki na gari yana iya cewa ba zai yi magana yanzu ba, yana iya cewa ana bincike, amma ba ya ƙirƙirar abin da bai faru ba. In ka ga an yi ƙarya a gabanka, ka riƙe a ranka cewa ka ga abin da ba za ka yi ba. In aka ce kai ka rubuta ta, ko ka buɗe shafin bogi ka yabi ma'aikatar, ka ba da haƙuri cikin ladabi ka ƙi.

Ƙananan ma'aikata da ƙananan ayyuka

Ka gaida maigadi, da masinja, da sakatariya, da direba, gaisuwa ta sosai. Ka zauna da mai ɗaukar hoto ka ga yadda yake zaɓen hoto ɗaya cikin ɗari. Ka tambayi jami'in tsara baƙi yadda yake jera manya a kan dandamali. Waɗannan mutane sun san gidan fiye da yadda kake zato, kuma bayan tafiyarka su za a tambaya yadda ka kasance.

In aka ce ka jera kujeru, ka jera. In aka ba ka takardar rubuta sunayen mahalarta, ka tabbata kowane suna da muƙami da kafar da mutum ya fito sun fita daidai. A ƙasar da ake da Sarki da Hakimi da Dagaci, da Waziri da Galadima da Madaki, kiran mutum da sarautar da ba tasa ba, ko ambaton na ƙasa kafin na sama, na iya rushe zumuncin da aka yi shekaru ana ginawa. Kada ka yi hasashen suna. Ka tambayi mai shi.

Kada ka ɓace. In za ka sallah ko bayan gida, ka faɗa. Kada ka tafi kafin a sallame ka.

Ke ɗaliba, da kai ma: a sanar da gida da malamin da ya haɗa ziyarar inda za a je da lokacin tashi. Wannan ziyara ta ofis ce, a lokacin aiki. Duk wanda ya ce a ƙarasa hirar a otal, ko da dare, ko ya fara maganar da ba ta aiki ba, a ƙi, a tafi, a kuma gaya wa malamin a ranar. Babu wata dama da ta kai wannan farashi.

Bayan an tashi

A daren nan, kafin barci, ka zauna ka mayar da abin da ka rubuta cikakken bayani, domin zuwa jibi rabinsa ya gudu. Washegari ka tura wa jami'in saƙon godiya, gajere, ka ambaci abu ɗaya takamaimai da ka koya a wurinsa. In ya ba ka dama, ka rubuta sanarwa ta gwaji a kan taron da ka halarta, shafi ɗaya, ka roƙi ya duba in ya sami sarari. Sau ɗaya za ka tura. In ya yi shiru, kada ka bi shi da kira da "barka da Juma'a" kowane mako. In ya dawo da ita duk jan biro, ka gyara ka adana duka biyun.

Kada ka rubuta a takardar neman aiki cewa ka yi aiki a wurin. Yini ɗaya ka yi kana kallo, haka za ka rubuta. Masu wannan sana'a sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa a gano. Kada kuma ka yi amfani da lambobin 'yan jarida ko na manya da ka gani a ofishin. Ba kai aka ba wa ba.

Ka nemi reshen NIPR na jiharku ka tambayi yadda ɗalibi ke shiga tarukansu da hanyar rajista bayan kammala karatu. Sannan ka nemi yini na biyu a wani wuri dabam da na farko: in ka ga ma'aikatar gwamnati, ka nemi kamfani mai zaman kansa, ko ƙungiyar agaji, ko kamfanin da ke yi wa wasu wannan aiki da kwangila. Ka fara nema tun wannan zangon karatu, ta hannun malaminka, da wasiƙa daga sashenku.